Haraji da Jingina da Takarda: Tarihin Mallakar Gona a Ikara da Makarfi da Kudan

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙali a ƙauyukan Zazzau ya san cewa, in an ɗebe shari'ar aure, da wuya a sami abin da yake yawan kai mutane gaban shari'a kamar gona. Wani ya ce gadon ubansa ce, wani ya ce kakansa ya saya, wani kuma ya ce jingina ce aka yi tun zamanin haraji ba a fansa ba. Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin yadda gona da fili suka zama dukiyar da ake zuba kuɗi a cikinta a arewacin Zazzau, musamman a ƙasashen Ikara da Makarfi da Kudan, tun daga ƙarni na 19 zuwa yau. Za mu dubi abubuwa uku: wane ne yake da ƙasa, ta wace hanya take fita daga hannun wani zuwa na wani, kuma mene ne rabon hukuma a ciki.

A wasu jihohin Amurka, idan mai gida ya kasa biyan harajin gidansa, hukumar yankin takan yi gwanjon bashin. Mai kuɗi ya biya hukuma, ya riƙe takardar bashin, ya jira mai gida ya fansa da riba a kai. In wa'adi ya cika bai fansa ba, gidan yana iya komawa hannun wanda ya sayi bashin. A ƙasarmu hukuma ba ta taɓa buɗe irin wannan kasuwa ba. Amma ra'ayin da wannan takarda take son kafawa shi ne, abin da wannan kasuwa take haifarwa, watau ƙasa ta bar hannun wanda haraji ya kayar ta koma hannun mai tsabar kuɗi, ya daɗe yana aukuwa a nan ta hanyar jingina, ba tare da an rubuta shi a littafin kowace hukuma ba.

2.0 YANAYIN ƘASAR

Waɗannan ƙasashe uku suna arewa da arewa maso gabas da birnin Zariya, a kan iyakar Zazzau da Kano. A yau kowacce ƙaramar hukuma ce a Jihar Kaduna. Ikara tana cikin ƙananan hukumomi 14 da aka kafa a tsohuwar Jihar Kaduna a 1976, daga baya Makarfi da Kudan suka sami nasu, hedikwatar Kudan kuwa tana Hunƙuyi. Mazauna yankin Hausawa ne da Fulani, akwai kuma zuriyar Maguzawa, musamman a ƙasar Ikara. Tun kafin zuwan Turawa yanki ne na auduga da baba da rini, kuma hanyar fatake daga Kano zuwa Zariya ta ratsa shi.

Domin a fahimci abin da zai biyo baya, wajibi ne a rarrabe tsakanin tudu da fadama. A tudu ake noman dawa da gero da auduga da gyaɗa, daga baya masara ta shigo ta mamaye. A fadama ake noman rake da shinkafa da taba da albasa da tumatir da barkono. Makarfi da Kudan sun yi suna wajen rake da mazarƙwaila, Hunƙuyi da Ikara kuma wajen kayan lambu. Tudu yana da yawa, a da mutum yakan iya sassabe daji ya ƙara. Fadama kuwa iyakarta ke nan, ba a ƙara ta, ga shi tana ba da amfanin da ake sayarwa rani da damina. Saboda haka fadama ce ta fara yin kuɗi, kuma a kanta aka fi yin haya da jingina da rikici.

3.0 KAFIN ZUWAN TURAWA

3.1 Hanyoyin samun gona

Bayan da jama'ar Malam Musa suka ci birnin Zariya a 1808, Zazzau ta shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato, kuma hukuncin ƙasa ya koma bisa mazhabar Malikiyya, aƙalla a wurin malamai da alƙalai. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman a kan wannan al'amari, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum yake keɓanta da ƙasar da ba ta kowa ba: ko ya raya ta da aikinsa, ko shugaba ya yanka masa, ko a keɓe ta hurumi domin amfanin jama'a. A ƙauye kuwa al'ada ce take tafiya tare da wannan hukunci. Baƙo yakan je wurin sarkin gari da gaisuwa, a nuna masa daji ya sare. In ya mutu 'ya'yansa su gada, sau da yawa su ci gaba da noma gandu ɗaya ƙarƙashin babban wa, kowa da 'yar gayaunarsa a gefe. Ban da gado da saran daji, akwai kyauta, da aro, da riƙo, da jingina, da saye. Wanda aka ba aro yakan kai wa mai gona dami ɗaya ko biyu da kaka, abin da Zazzagawa suke kira galla. Ƙimar galla ba ta da yawa, amma ita ce shaidar da take tuna wa kowa, shekara bayan shekara, wane ne mai gonar.

3.2 Rinji

Babbar dukiyar ƙasa a ƙarni na 19 ita ce rinji, watau ƙauyen bayi masu noma gandun ubangijinsu. Gidajen sarauta huɗu na Zazzau, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, da manyan masu sarauta da attajirai, duk sun kafa rumada a kewayen birni da arewacinsa. M. G. Smith, a littafinsa Government in Zazzau na 1960, ya nuna yadda ƙarfin kowane gida ya dogara ga rumadansa. A ƙasar Kudan har yau akwai garin Taban Sani, wanda sunansa yake ɗauke da na Sarkin Zazzau Mamman Sani, na tsakiyar ƙarni na 19, wanda ya kafa babban rinjinsa a wurin. Rinji iri biyu ne: na sarauta, wanda yake bin rawani duk inda ya je, da na kai, wanda 'ya'ya suke gada. Amma ko na kai ɗin bai tsira ba, domin tuɓe mutum daga sarauta yakan zo da ƙwace masa dukiya.

Abin lura a nan shi ne, wanda yake da kuɗi a wancan zamani mutane yake nema kafin ƙasa. Daji yana nan birjik, hannun da zai sare shi ne yake da wuya. Darajar rinji tana ga yawan bayin da ke cikinsa, in sun watse ya koma saura.

3.3 Haraji

Tsarin haraji ma ya nuna haka. Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ruwaito cewa a can kowane magidanci yana biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa, amma a Zazzau a kan abin noma ake ƙirga haraji. Wannan shi ne kuɗin galma: gidan da ya fi yawan masu riƙe galma shi ya fi biya. Ban da shi akwai zakkar hatsi, da jangali a kan shanu, da kuɗin karofi a kan marina, da kuɗin shuka a kan irin su rake da taba. Ko da yake Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da wasu haraje-harajen sarakunan Haɓe cikin abubuwan da ya soka, da yawa daga cikinsu sun dawo a bayansa. Jakadu ne suke tarawa su kai wa ubangidansu a birni. Wanda haraji ya ishe shi yakan kwashe iyalinsa ya ƙetare iyaka zuwa ƙasar Kano, can ma a yi murna da shi, tun da kowane sarki yawan talakawa yake so.

4.0 ZAMANIN TURAWA

4.1 Dokokin ƙasa

Turawa sun zauna a Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu ɗan Sidi a 1903. Tun a 1901 Gwamna Lugga ya yi dokar da ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, aka hana cinikin bayi, aka buɗe wa bawa hanyar fansar kansa a gaban alƙali. Ba a soke bauta ɗungum a doka ba sai a 1936. Wannan ya jefa masu rumada cikin tambaya: in bayi sun zama 'ya'ya, ƙasar da suke nomawa ta wane ne?

Lugga ya so a ce masu rumada su zama masu ƙasa, tsofaffin bayi su zama 'yan haya ko 'yan ƙodago. Wanda ya gaje shi, Girouard, da manyan razdanoni irin su Temple, suna da wani ra'ayi dabam, wanda suka ɗebo daga Henry George na Amurka, cewa ribar ƙasa haƙƙin hukuma ce a madadin jama'a, bai kamata wani mutum ya ci ta shi kaɗai ba. A 1908 aka kafa kwamiti a Landan ya bincika al'amarin, sakamakonsa shi ne dokar ƙasa ta 1910, wadda aka sabunta a 1916. Dokar ta sanya dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, ya riƙe ta domin amfanin 'yan ƙasa. Manomi yana da ikon zama da noma da gadarwa, amma ba shi da ikon sayar wa baƙo sai da yardar Gwamna.

Wannan doka ta yi amfani ta wani fanni, domin ta hana kamfanonin Turai mallake manyan gonaki kamar yadda aka yi a Kenya da Rodeshiya. Amma ta kafa wani abu da muke fama da shi har yau, watau saɓani tsakanin abin da doka ta ce da abin da ake yi. A bakin En'e ba a sayar da gona. A ƙauye kuwa ana saye ana sayarwa, in magana ta kai gaban hukuma sai a ce kuɗin sassabe da taki aka biya. Haka kuma a tsofaffin rumada da yawa, waɗanda suka zauna sun ci gaba da kai galla ga zuriyar iyayengijinsu, ko da yake doka ba ta san wani mai ƙasa ba ban da Gwamna. Lovejoy da Hogendorn sun yi bayanin wannan a littafinsu Slow Death for Slavery na 1993.

4.2 Haraji da jingina

Nan ne zuciyar maganarmu. Wajen 1907 aka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da kowa a gundumarsa, aka kau da jakadu, aka harhaɗa haraje-harajen da zuwa haraji guda. Sa'an nan aka kafa Baitulmali, hakimi ya koma mai albashi, ana auna ƙwazonsa da yadda ya cika kuɗin da aka yanka wa ƙasarsa. Di'o ya yanka wa gari jimla, dagaci da masu unguwanni su rarraba a kan mazaje baligai. Abu biyu suka sa wannan haraji ya fi na da nauyi. Na farko, da kuɗin Turawa ake biya, an daina karɓar wuri da dami. Na biyu, da kaka ake nemansa, lokacin da kowa ya fito da amfanin gonarsa kasuwa, farashi ya faɗi.

Dogo ya isa Kano a 1911, ya ratsa wannan yanki, aka yi tashoshi a Likoro da Gimi. Kamfanin auduga na Ingila, B.C.G.A., ya kafa injin gurza a Zariya. Auduga da gyaɗa suka zama hanyar samun kuɗin haraji. A shekarar albarka wannan yakan wadatar. A shekarar fari, kamar yunwar 1913 zuwa 1914, ko shekarun da fara ta yi ɓarna kuma farashi ya karye bayan 1929, amfanin gona yakan faɗi ƙasa, haraji kuwa bai sauka daidai da shi ba.

Magidancin da haraji ya tarar da shi hannu wofi yana da matakai da yake bi ɗaya bayan ɗaya. Da fari ya sayar da akuya ko tunkiya. Sa'an nan ya ɗebi hatsin da ya ajiye don ci, wanda zai sake saye da tsada in damina ta yi nisa. Sa'an nan ya ci falle, watau ya karɓi kuɗi ko hatsi tun amfani yana tsaye a kan zai biya da dami in kaka ta yi. Samari su tafi cin rani. In duk wannan bai isa ba, sai a taɓa gona, kuma wadda mai kuɗi zai karɓa da sauri ita ce ta fadama.

Yadda jingina take a al'ada shi ne: mai gona ya karɓi kuɗi, ya miƙa gonar a gaban shaidu, mai kuɗi ya yi ta noma yana cin amfani har ran da aka mayar masa da kuɗinsa cif. Galibi ba a yanka wa'adi, kuma abin da ya ci ba ya rage ko anini daga bashin. To, a duba halin wanda ya jinginar. Ya rabu da gonar da ta fi kawo masa kuɗi, ga harajin baɗi yana tafe. Da ya sake matsuwa, wurin wanda yake riƙe da gonar zai koma ya nemi ƙari. Ƙari kan ƙari, har kuɗin ya kai ƙimar gonar, sai a ce a cika masa kawai a bar magana. Ko kuwa ya mutu bai fansa ba, shaidu su mutu, jikoki su tashi su tarar da gonar a hannun wani gida.

Malaman Malikiyya ba su yarda da wannan siga ba. A wurinsu jingina amana ce da take tabbatar da bashi, kuma in bashin na rance ne, bai halatta mai riƙe da ita ya shardanta cin amfaninta ba, domin ya zama rancen da ya jawo riba. Amma al'ada ta fi ƙarfi, kuma mai neman kuɗin haraji ba ya cikin halin da zai yi gardama. In rikici ya kai kotu bayan shekaru, sai a shiga hukuncin hauzi: wanda ya riƙe ƙasa shekara 10 yana aiki a cikinta, mai da'awa yana gani bai yi magana ba kuma ba abin da ya hana shi, ba a sauraron da'awarsa, in ba dangi ne ba, su nasu wa'adin ya fi haka tsawo. Hauzi ba ya aiki in an tabbatar asalin riƙon aro ne ko jingina. Saboda haka shari'ar duka takan rataya a kan abu ɗaya: ko akwai wanda ya rage da rai da zai shaida yadda gonar ta shiga hannun mai riƙe da ita.

Akwai hanya ta biyu, ita ce gudun haraji. Wanda ya tsere ya bar gona, dagaci ne yake da ikon ba da ita ga wanda zai noma ya biya, kuma mai karɓa ba ya zuwa hannu sake. Ta wannan ƙofa gonaki suka taru a hannun masu sarauta da barorinsu da 'yan kasuwar da suke sayen auduga da gyaɗa. A littafin Baitulmali ba za a ga an rubuta an ƙwace gonar wane saboda haraji ba, abin da za a gani shi ne gari kaza ya cika kuɗinsa. Rahoton C. W. Cole a kan mallakar ƙasa a Lardin Zariya na 1949, da binciken da Smith ya yi a ƙauyukan Zazzau a 1949 zuwa 1950, sun tarar da aro da jingina da saye suna gudana a tsakanin manoma. Ba mamaki da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, ta sami masu saurare a karkara da ta ɗauki maganar haraji da zaluncin En'e.

5.0 DAGA 1960 ZUWA 1981

Samun mulkin kai bai canza tushen dokar ba. Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta ɗauke ikon daga Gwamna ta ba Minista, ta raba izinin zama gida biyu: na al'ada, wanda yawancin manoma suke da shi ba tare da takarda ba, da na hukuma, wanda ake ba da satifiket a kansa. A 1966 zuwa 1967 D. W. Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya yi nazarin ƙauyuka uku, Hanwa da Ɗan Mahawayi da Doka, ita Doka tana kan hanyar Zariya zuwa Kano a wannan yanki namu. Ya tarar gado ne babbar hanyar riƙon gona, sauran hanyoyin suna biye.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 su suka kawo sabon mai saye: ma'aikacin gwamnati, da ɗan kwangila, da hafsan soja mai ritaya. An kafa bankin manoma a Kaduna a 1973, aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, aka yi asusun lamunin bashin noma a 1977. Banki ba ya karɓar shaidar dattawa, satifiket yake so. Sai ya zamana wanda ya san hanyar ofis yana iya sayen gonaki da dama a bakin titi, ya haɗe su, ya sa a auna, ya karɓi takarda, ya kai banki ya ci bashi da ita. Manomin da ya sayar masa, ko da ya shekara 40 a kan gonar, bai taɓa samun wannan dama ba.

Ran 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta fitar da dokar amfani da ƙasa, wadda mafi yawan ginshiƙanta daga dokar Arewa ta 1962 aka ɗauko su aka shimfiɗa wa Nijeriya duka. An sanya ta cikin tsarin mulki na 1979, sa'an nan na 1999, don haka gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki. Ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta. Filayen birni gwamna ne yake ba da izininsu, na karkara kuma ƙaramar hukuma, wadda take iya ba mutum har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo. Sashe na 21 da na 22 sun hana sayarwa ko jinginarwa sai da yardar hukuma, sashe na 26 ya ce cinikin da aka yi saɓanin dokar ɓatacce ne, sashe na 36 kuma ya tabbatar wa manomin karkara gonar da yake nomawa, amma ya hana shi yanka ta ko miƙa ta ga wani. Da za a bi wannan sashe harafi da harafi, da mafi yawan cinikin gonar da aka yi a kasuwannin Makarfi da Ikara tun 1978 bai tsaya ba.

A watan Oktoba 1979 gwamnatocin PRP na Kaduna da Kano suka ba da sanarwar soke haraji da jangali. Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya kuma kafa hukumar binciken filaye, wadda ta zagaya ƙananan hukumomi tana sauraron koke-koken manoma a kan ƙwacen gonaki. Wannan ya ba talaka dandalin da zai faɗi yadda gonar gidansu ta salwanta a gaban hukumar da ba ta hakimi ba. Majalisar jiha ta tsige gwamnan ran 23 ga Yuni 1981.

6.0 ZAMANIN TAKARDA

Soke haraji ya cire babban abin da yake tura manomi jingina da kaka, amma jinginar ba ta tafi ba. Kuɗin takin zamani, da jinya, da aurar da 'ya'ya, su suka maye gurbinsa. Yawan jama'a ya ƙaru, daji ya ƙare, rabon gado yana daddatsa gonaki, har burtali da makiyaya sun shiga cikin abin da ake nomewa. Hayar fadama ta shekara-shekara ta zama ruwan dare wurin masu noman tumatir da rake. A gefen garuruwa kuma, musamman Makarfi inda kwalejin koyon aikin lafiya ta jawo masu neman ɗakunan haya, da garuruwan bakin titin Zariya zuwa Kano, gona tana komawa fulotai, dillalai suna cin la'ada.

Mai sayen fili a yau yakan gamu da shaida hawa uku. Akwai takardar ciniki mai sa hannun shaidu da mai unguwa da dagaci, wadda ita ce a hannun mafi yawan mutane. Akwai takardar ƙaramar hukuma. Akwai satifiket na gwamna, wanda bisa al'ada yakan kai shekara 99 ga gidan zama. Tun da aka kafa hukumar KADGIS da dokar 2015, rajistar filayen Jihar Kaduna ta koma wuri ɗaya, a na'ura, da taswira. Kowane hawa yana da amfaninsa da haɗarinsa. Takardar dagaci tana da ƙarfi a cikin gari, domin masu sa hannun sun san tarihin gonar, amma banki ba ya karɓarta. Satifiket yana da ƙarfi a banki da babbar kotu, amma Kotun Ƙoli ta sha yanke hukunci cewa ba ya wanke asalin da ba shi da kyau: in wanda ya sayar ba shi da haƙƙi, misali magaji ɗaya ya sayar da gonar da ba a raba ba, ko mai riƙon jingina ya sayar da abin da ba nasa ba, takardar ba ta hana masu haƙƙi tashi. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989 kuma kotun ta rushe jinginar da aka yi wa banki saboda ba a nemi yardar gwamna ba.

Satifiket yana zuwa da wani nauyi da manomi bai saba da shi ba, watau kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izini saboda bukatar jama'a, ko saboda saɓa sharuɗɗan takardar, biyan kuɗin ƙasa kuwa yana cikinsu. Wannan shi ne abu mafi kusa da tsarin Amurka da muka ambata da fari, sai dai a nan filin hannun gwamnati yake komawa, ita ta ba wanda ta ga dama. In kuwa an karɓi gona don titi ko makaranta, sashe na 29 ya tsayar da diyya a kan gini da shuka da aikin da aka zuba, ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Wanda ya sayi fili da tsada ya bar shi fayau yana jiran ya yi daraja, ya kamata ya san wannan.

7.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa a ƙarni na 19 mai dukiya mutane yake tarawa, ƙasa tana biye. A zamanin Turawa doka ta hana cinikin ƙasa a baki, haraji kuma ya tilasta shi a aikace, ta hanyar jingina da gudu. Daga shekarun 1970 takarda ta zama makamin da yake raba mai iya cin bashin banki da wanda ba ya iyawa. A dukkan zamunan uku, wanda ya fi asara shi ne wanda haƙƙinsa yake cikin ƙwaƙwalwar dattawa kaɗai.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, a riƙa rubuta kowace jingina da kowane aro a littafin dagaci, da ranar da aka yi, da adadin kuɗi, da iyakokin gona, kowane ɓangare ya riƙe kwafi, domin jinginar yau ita ce shari'ar jikoki. Ta biyu, rajistar gonar ƙauye ta kasance a hedikwatar ƙaramar hukuma, da kuɗi kaɗan, a kuma sanya sunayen dukkan magada har da mata, kada rajista ta zama hanyar da babban wa zai haɗiye rabon 'yan'uwansa. Haka kuma kada a ɗora wa ƙaramar gona kuɗin shekara da zai mayar da manomi halin da kakansa ya shiga a zamanin haraji. Ta uku ta shafi mu malaman jami'a: littattafan shari'a na kotunan alƙalai na Ikara da Makarfi, da fayilolin kimanta haraji na gundumomin Zariya da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, da bakin tsofaffin da suka biya haraji da hannunsu kafin 1979, duk suna bukatar ɗalibai su je su tattara. Takardu suna iya jira, amma tsofaffin nan kullum raguwa suke yi.